Asalin Mai Tsaron Ƙofa

Talata

Zuwa ga Kakana, angona tsoho mai ran ƙarfe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya jiki, ya gwiwar nan taka da ke riga kowa sanin hadari ya taso? Na san ko na kira wayar tela maƙwabcinka ba ji za ka yi ba, sai "Iye? Iye?" har batir ya mutu. Shi ya sa na ba Sai-Gobe direba wannan takarda.

Albishirinka! Abba ya gama gyara ɗakin da ke bayan shagonsa. Ya kwashe matattun fankoki da rediyoyin da masu su suka manta da su, ya yi fenti, ya fasa taga. Ya ce in gaya maka zaman kaɗaici ya isa haka. Ƙarshen watan nan ka sallami mai gidanka, ka tattaro ka dawo wurinmu gaba ɗaya.

Amma ni ina da sharaɗi. Duk wanda zai zauna a gidan nan sai ya shiga wasanmu. Kowace Asabar bayan la'asar mukan zauna ni da ƙawayena a teburin shago. Ba kati ba ne, ba lido ba ne. Labari muke ƙirƙira tare, na wata duniya mai dodanni da matsafa da birane a kan duwatsu. Kowa yana da mutumin da yake zama a cikinta. Ni maharbiya ce. Akwai mutum ɗaya, mai riƙe da labari, shi ke faɗa mana abin da muka tarar a hanya, mu faɗi abin da za mu yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko mun dace.

Kafin ka shiga sai ka zaɓi asali, wato abin da mutuminka yake yi kafin ya fita yawon duniya. Ga takarda nan na haɗo. Akwai soja, maƙeri, masunci, masanin littattafai, ɗan fashin teku, mai tsaron ƙofar birni. Ka zaɓi ɗaya ka cike guraben. Gurbi na ƙarshe shi ne gishirin wasan: "Wane abu ya aikata da ba ya so kowa ya sani?" Ka yi bayani dalla-dalla, ka naɗe wurin ka manne shi.

Kada ka zaɓi ɗan fashin teku, ka san ko kwatami ba ka iya tsallakewa.

Taka har kullum,
Uwar Tambaya


Alhamis

Zuwa ga jikata, amaryata, Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa wadda ta fi ƙarfin motar Sai-Gobe, sai dai ya ɗauko rabi. Ina fata kina lafiya, ke da Abbanki.

Yarinya, sau shida na karanta takardarki. Na farko a tsaye a tasha, har wani mai baro ya kusa kwashe ni. Na dawo na karanta wa tela, na karanta wa mai shayi, na karanta wa mai gida. Tela ya ce rabon da ya ga haƙorana duka a waje tun ranar da aka ba ni takardar shaidar gama ajin yamma. Shekara biyar ke nan tun rasuwar mahaifiyarki ina zaune ni da bango huɗu da agogon da ba na jin bugunsa. Yau ga shi an ce in zo. Ki gaya wa Abbanki ba ni da bakin gode masa. Ɗan da na haifa ma iyakar abin da zai yi ke nan. Na riga na sallami ɗaki, mai gida har ya samo wani mai gyaran takalma da zai shiga ranar ɗaya ga wata. Na ɗaure tukwane, na ba tela kujerata.

Yanzu maganar wasa. Na baje takardarki a kan tabarma kamar mai jarrabawa. Soja ban taɓa riƙe ko gora ba. Maƙeri, wuta nake tsoro. Masanin littattafai ya ba ni sha'awa, amma mutumin da ya fara A da Ba yana da shekara hamsin da huɗu, a kan bencin yara gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa, ai bai kamata ya yi wannan ƙarfin hali ba. Gemu ba ya hana ilimi, amma ba ya mai da mutum masani. Sai na zaɓi abin da na sani. Shekara ashirin da shida ina tsaron ƙofar kamfanin roba, daga safe zuwa yamma. To mutumina mai tsaron ƙofar birni ne. Yana da sanda, yana da benci, ya san kowace mota da ƙararta. Na ga babu mota a duniyarku, sai ki mai da su amalanke.

Gurbin ƙarshe ne ya ba ni wahala. Malaminmu na ajin yamma yana da magana ɗaya da ya dasa mana: takarda mai gurabe ba a yi mata ƙarya, abin da ta tambaya shi za ka ba ta. Da haka muka koyi cike takardar asibiti da ta katin shaida. Na yi ƙoƙari in ƙirƙiro wani abu, in ce ya saci doki ko ya kashe dodon wani, wallahi biro ya ƙi tafiya. Hannuna bai koyi ƙarya ba, a makare ya zo makaranta. Sai na ba shi wani tsohon labari da na sani, na mai da kamfani ya zama birni, shi ke nan. Ku yara ne, lokacin da abin ya faru ko tafiya ba ki fara ba, ƙawayenki kuwa ba su san kowa a ciki ba. Kin san wani abu? Da na manne wurin sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Ki tanadar mini wuri kusa da ke a teburin, ta gefen kunnena na dama. Shi ne mai ɗan sauran imani.

Kakanki mai murna


Juma'a

Kakana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, har da tabon shayi a gefe.

Mai tsaron ƙofa! Na ce wa ƙawayena ai na sani. An ba ka duniya guda ka zaɓa, ka koma kan bencinka. Ƙawata da muke kira Dogo ta ce ba komai, dama muna neman wanda zai riƙa buɗe mana ƙofa idan dodo ya biyo mu.

Sirrinka kuwa ban buɗe ba, kada ka ji tsoro. Yatsuna sun yi ta ƙaiƙayi, amma doka ce: 'yan wasa ba sa ganin sirrin juna. Mai riƙe da labari kaɗai ke karantawa, shi zai saƙa shi a cikin tafiyar, wata rana sai dai ka ga abin ya fito maka a gaban kowa. Nawa ma haka aka yi mini, na kusa shiga ƙarƙashin tebur.

Na manta ban gaya maka ba, ka san waye mai riƙe da labarin namu? Abba! Wadda take yi mana ta koma wani gari tun bara. Shi kuma dama yana gyaran fanka yana sauraronmu, yana ta gyara mana kurakurai, sai muka ce to bismilla. Kaka, ba ka ga yadda ya iya ba. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a yini, sai ga shi yana muryar tsohuwar mayya. Kuma ba ya manta komai. Abin da ka faɗa wata uku da suka wuce sai ya dawo maka da shi.

Na miƙa masa takardarka a manne. Ya yi dariya ya ce, "Baba da kansa? To bari in sami natsuwa, wannan ba a karanta ta a tsaye." Ya sa ta a aljihun tebur inda yake ajiye ƙananan sukurori, ya kulle.

Saura kwana ashirin ka zo. Ina ƙirgawa.

Uwar Tambaya


Litinin

Jikata,

Sallama da gaisuwa. Ki gafarce ni, yau ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ki karɓo takardar nan. Ki karɓo ta yau, kafin ki ajiye wannan da ke hannunki. Ki ce masa na yi kuskure, na sauya ra'ayi, masunci nake so. Ki ce rubutun ya ɓaci. Ki faɗi duk abin da ya zo bakinki. Idan kin karɓo kada ki buɗe, ki kai ta murhu ki tsaya har ta zama toka.

Tun ranar Juma'a da na karanta takardarki ban ci abincin kirki ba. Ranar Asabar na sa tela ya kira wayarki sau huɗu, a kashe. Na tuna kin taɓa cewa kuna tara wayoyi a kwando idan kuna wani abu, ashe wasan ne. Lahadi tela ya tafi ganin mahaifiyarsa da wayarsa. Na je tasha ko zan sami wata mota, aka ce sai Sai-Gobe, shi kuma sai yau. Ban taɓa jin haushin sunan nan nasa ba sai wannan karon.

Na ɗauka yara ne za su karanta. Ban tambaya ba, ke ma ba ki faɗa ba, laifin ba naki ba ne. Ba zan iya gaya miki abin da ke ciki ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ba labarin wani ba ne, nawa ne, kuma ya shafi Abbanki. Sunaye kawai na cire. Shi kuwa ba ya bukatar suna, layi biyu zai karanta ya gane. Idan ya karanta, ba zan kwana a ɗakin da ya yi wa fenti ba, kuma ina tsoron ke ma ba zan ƙara ganinki ba. Ku biyu kuka rage mini a duniya.

Kin san inda yake ajiye mukulli. Ban taɓa sa ki abin da bai dace ba, amma yau na sa ki.

Ki yi haƙuri da rubutun.

Kakanki


Talata

Kaka,

Ina gaishe ka. Takardarka ta tsorata ni.

Na makara. Ranar Lahadi da hantsi ya karanta. Ina shanya a tsakar gida na hango shi ta taga ya zauna, ya sa tabarau, ya sa wuƙar yankan waya ya buɗe mannin a hankali, yana murmushi. Da na dawo da bokiti na biyu murmushin ya tafi. Da na dawo da na uku yana nan yadda na bar shi, ƙarfen narka dalma yana ta hayaƙi a gefensa har ya ƙona bakin tebur bai sani ba. Ni na cire shi daga wuta.

Na ce, "Abba, sirrin Kaka ya yi daɗi ne haka?" Ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba. Sai ya ce, "Kakanki ya iya rubutu." 

Jiya bai buɗe shago ba. Ka san Abba, ranar da zazzaɓi ya kayar da shi ma sai da ya buɗe ya kwanta a kan benci. Wata mata ta zo karɓar fankarta ta yi ta bugu, yana ciki bai amsa ba.

Da takardarka ta zo na je na ce masa ka sauya ra'ayi, masunci kake so. Ya ce, "Ba a sauya asali bayan an miƙa." Na ce ai an bar Dogo ta sauya. Ya ce, "Ita ƙirƙira ta yi."

Yau da safe ya ba ni ambulan ya ce in haɗa da tawa. Ga ta nan. Ban buɗe ba, wannan karon ko ƙaiƙayi yatsuna ba su yi ba.

Kaka, me ka rubuta?

Jikarka


Talata

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Aikina ne a wasan yaran nan in fahimci asalin kowa kafin a fara. Ga abin da kuka rubuta a gurbin ƙarshe, na kwafo shi yadda yake don kada a ce na ƙara:

"Mai tsaron ƙofa bai iya karatu ba. Wata Laraba ana ruwan sama, injinan ban ruwa biyu suka ɓace daga ma'ajiyar birni. Aka kawo masa takarda aka ce ta karɓar takalmin ruwa ce, ya dangwala yatsa. Ashe shaida ce cewa ya ga mai kula da ma'ajiya ya fitar da su. Aka kori mai ma'ajiya, aka tsare shi wata huɗu. Har yau suna gaisawa, bai gaya masa ba."

Baba, a duniyar wasanmu babu injin ban ruwa. Amma na san wata ma'ajiya da ta rasa guda biyu wata Laraba, shekara goma sha takwas da suka wuce, domin mukullinta a aljihuna yake. An ce mini akwai mai shaida. Har aka sake ni ba a kai ni gaban alƙali ba, ba a kuma faɗa mini ko waye ba.

Ina da tambaya uku ga mai tsaron ƙofa.

Wa ya kawo masa takardar?

Wa ya gani da idonsa ya fita da injinan?

Wace shekara ya san abin da takardar ta ƙunsa, kuma a lokacin matar mai ma'ajiya tana da rai?

Ina jiran amsa.

Surukinku


Alhamis

Zuwa ga ɗana, baban yarinya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata.

Ba mai tsaron ƙofar birni zai amsa maka ba. Ni ne zan amsa.

Mataimakin manaja ne ya kawo takardar, washegarin ranar, har rumfata. Ya zo da takalmin ruwa sabo a leda da ɗan akwatin tawada. Ya ce duk masu aikin waje ana ba su, in dangwala nan. Na ga rubutun ya cika shafi, zuciyata ta ce takalmi ɗaya bai kai wannan surutu ba. Ban tambaya ba. Ya ba ni kwafi ya ce in adana, na jefa a akwatina.

Tambaya ta biyu. Shi na gani. Ranar Larabar, wajen azahar, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kai kuma an aike ka ofis na sama. Ya zo da wata koriyar mota an rufe bayanta da tampol. Na nemi takardar fita, ya ce, "Tsoho, ka san da wa kake magana?" Na buɗe masa. Da aka kama ka na haɗa ɗaya da ɗaya, amma na ce wa kaina wa zai saurari mai gadi a kan mai ofis. Tsoron rasa bencina ya rufe mini baki. 'Yata ta zo mini da yarinyar a goye, ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, kai ne a ƙofa, ba ka ga komai ba?" Na ce ban ga komai ba. Ni na riƙa raka ta kai maka abinci inda kake tsare. Kana ce mini na gode, Baba.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma na san ka san haka, shi ya sa ka ajiye ta ƙarshe.

Bayan shekara bakwai wani tsohon akawun kamfanin ya tare ni a hanya, cikin hira ya ce, "Ai shaidarka ce ta gama da yaron nan." Ban gane ba, ban kuma iya kai wa kowa takardar ya karanta mini ba. Dalilin shigata ajin yamma ke nan. Kowa ya ɗauka son ilimi ne, kai har jaka ka aiko mini da littattafai. Wata tara na yi kafin in iya haɗa baƙi. Ran nan na dawo daga aji, na rufe ƙofa, na ciro ta. Ita ce takarda ta farko da na karanta ni kaɗai daga sama har ƙasa. Na ga sunanka, na ga yatsana.

'Yata tana da rai. Ta ƙara shekara shida a duniya bayan ranar. Sau uku na hau mota da takardar a aljihu na zo gidanku. Na farko na tarar kun sami shago kuna murna, na ce ba yau ba. Na biyu yarinya ta ci jarrabawa. Na uku tana kwance a asibiti, ta riƙe hannuna ta ce in riƙa leƙa ku. Na dawo da takardar yadda na tafi da ita.

Yatsan da na dangwala, jahilci ne. Ƙofar da na buɗe, tsoro ne. Amma shekara goma sha ɗaya da na yi shiru bayan na iya karatu, wannan ba ni da sunan da zan ba shi. Na ga ta sayar da kekenta na ɗinki, na ga kun bar garin da aka haife ku saboda ba mai ɗaukar wanda aka kira ɓarawo, na ga mai takardun sakandare ya koma gyaran fanka. Ina gani ina cin abincinku.

Ga kwafin nan na haɗo, ya yi ja ya kakkarye a lanƙwasa. Naka ne. Ka yi abin da ka ga dama da shi, da ni.

Ba na roƙon ɗaki. Abu ɗaya nake roƙo, ko da ba ni da bakin roƙo: kada ka hana yarinyar rubuto mini. Idan ka hana ma ba ka zalunce ni ba.

Wanda ya cuce ka


Alhamis

Jikata,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ban san ko za a bari wannan ta iso hannunki ba.

Mako guda ke nan. Ranar Juma'a na je tasha tun kafin motar ta iso. Sai-Gobe ya sauko yana miƙa, ya ce, "Tsoho, yau amaryar taka ta yi yaji, babu komai." Na yi dariya don kada ya gane. Ranar Talata ya hango ni daga nesa ya girgiza kai kawai. Na ce ya duba ƙarƙashin kujera. Ya duba don ya faranta mini.

Mai gyaran takalma ya zo jiya da igiyar awo, yana auna inda zai sa gadonsa, ina zaune a kan ƙullin kayana. Ya ce, "Baba, an kusa tafiya hutu wurin jikoki, ko?" Na ce in Allah ya so. Mai gida ba zai fasa ba, kuma bai kamata ya fasa ba, ni na sallame shi da bakina. Tela ya lura. Ya ce idan tafiyar ta sami matsala akwai wuri a shagonsa bayan ya tashi, tsakanin keke da bango. Ban gaya masa komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Ba wurin kwana ne yake tsorata ni ba. Mai gadi ko a tsaye yana barci. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ki ji. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai in leƙa, ban san ko so nake ya zama ke ce ko tsoron hakan nake ba. Ina ta tuna fuskarki, ina ƙoƙarin ganin yadda za ta koma, na kasa, don ban taɓa ganin kin dube ni da wani ido ba sai na wasa.

Idan ya gaya miki, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kada ki nema mini uzuri wurinsa. Shi aka cuta.

Saura kwana bakwai wata ya ƙare.

Kakanki


Juma'a

Kaka,

Ina gaishe ka. Na daɗe ina kallon saman takardar nan ban san me zan kira ka ba, sai na bar shi yadda yake.

Ya gaya mini. Ranar Asabar ya sallami ƙawayena tun daga bakin ƙofa, ya zaunar da ni a teburin da muke wasa, ya ajiye takardarka da jar takardar nan a gabana ya ce in karanta da kaina. Ban taɓa sanin an tsare Abba ba. Shekara goma sha tara ina gidan nan.

Na yi fushi da kai, har yanzu ina yi. Ba don yatsan ba. Don Umma. Kullum tana cewa babanta bai taɓa yi mata ƙarya ba, da haka take yi mini faɗa idan na yi tawa. Na yi kuka har Abba ne ya koma yana ba ni haƙuri, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ban san me zai yi ba. Ranar Lahadi ya kwaso fankokin nan ya mai da su ɗakinka ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Na tsaya ina kallo. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar ya sake fitar da su tsakar gida, yana zaune a ƙasa a cikin ɗakin, jar takardar a cinyarsa. Na ce, "Abba, Kaka zai zo?" Ya ce, "Ki bar ni tukuna." Jiya kuma na ga biyu sun koma ciki.

Bai hana ni rubuto maka ba. Na tambaye shi, ya ce, "Kakanki ne."

Kada ka kwance kayanka. Kada kuma ka hau mota sai ka ji daga bakinsa. Ka ci abinci.

Jikarka


Talata

Baba,

Bayan gaisuwa.

Na karanta amsarku. Kun amsa duka ukun, ba ku rage ba.

Ban yafe ba tukuna. Ba zan rubuta abin da ba haka yake ba, kuma ban san ranar da zan iya ba. Amma na gaji da karanta maganar nan a takarda. Ina so in ji ta daga bakinku, kuna kallona. Bayan nan za mu je inda 'yarku take kwance, ku faɗa a can ma. Abin da zai biyo baya ban sani ba.

Ku hau motar Alhamis da kayanku duka. Ba zan bar mahaifinta ya kwana a shagon tela ba. Yarinya za ta tare ku a tasha. Ni ina shago.

Surukinku